Iksora a gindin katanga: dalilin rawayar ganye da ɗaukewar fure

Tambaya: Wata Hajiya daga Kano ta ce a bara ta sayi fulawar iksora, wadda take yin jajayen furanni curi-curi, ta sa aka jera mata ita a gindin katangar sabon gidanta. Da farko ta yi kyau, amma yanzu sababbin ganyen suna fitowa rawaya, wasu har fari-fari, bakin ganye yana ƙonewa tun da hunturu ya shigo, fure kuma ya ɗauke, alhali ana ba ta ruwa kullum, an zuba mata takin zamani sau biyu, kuma mai kula da ita yana daidaita ta da almakashi duk bayan mako biyu. Tana so ta san ko cuta ce ta kama ta, da kuma maganin da za a fesa mata.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Bisa ga yadda kika bayyana lamarin, ban ga alamar cuta ba, kuma ba na jin akwai wani maganin ƙwari da zai gyara miki wannan shuka. Abin da ya fi damunta yana cikin ƙasar da aka dasa ta, sannan almakashi da iskar hunturu suka ƙara mata nasu. Kafin ki sake kashe kuɗi a kan taki ko magani, ya kamata ki san irin shukar da kika kawo gidanki, domin daga nan ne sauran bayanin zai fito fili.

Iksorar da aka fi sayarwa a bakin titunan garuruwanmu ita ce masana tsirrai ke kira Ixora coccinea, sunan da Linnaeus ya ba ta a shekarar 1753. Asalinta kudancin Indiya ne da tsibirin Siri Lanka, inda iska take da laima kusan duk shekara. A jihar Kerala, alal misali, ruwan saman da ake samu a shekara yakan kai wajen milimita 3,000, alhali a Kano yawanci bai kai milimita 1,000 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Dangi ɗaya take da itacen kofi, haka ma gauɗe da tafashiya da giyayya na dajinmu, sai dai su waɗannan sun saba da ranin ƙasarmu, ita kuwa ba ta saba ba. Ba ta kaɗe ganye ta huta kamar yadda itatuwanmu da yawa suke yi, saboda haka tana bukatar danshi a saiwarta daga farkon shekara har ƙarshenta. Ba ta kuma jure sanyi: idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 sai girmanta ya tsaya, ganyenta ya soma lalacewa, shi ya sa a yawancin ƙasashen Turai ba a iya barinta a fili sai a ɗakin gilashi. Duk da haka tana rayuwa a ƙasar Hausa, tana kuma yin fure sosai, matuƙar an ba ta ƙasar da ta dace da ita.

Ki je ki duba ganyen da kyau, domin ba kowace rawaya ce take nufin abu ɗaya ba. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya bai ɗaya, har da jijiyoyinsu, na sama kuma suna nan kore, to yunwar naitrojin ce, kuma taki yana maganinta. Idan kuwa sababbin ganyen da ke kan tsinin reshe ne suka fito rawaya, jijiyoyinsu suka tsaya kore shar kamar an zana su, tsofaffin kuma ba su canza ba, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, sau da yawa tare da na manganis. Wannan na biyun shi ne kika siffanta. Dalilin da ya sa yake bayyana a sabon toho shi ne, shuka ba ta iya kwaso ƙarfe daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kamar yadda take yi da naitrojin, don haka duk ganyen da ya fito a lokacin da saiwa ta kasa samun ƙarfe haka zai fito ba kore. In abin ya yi tsanani sai ganyen ya ƙanƙance, ya yi fari, bakinsa ya bushe, reshen ma ya soma mutuwa daga sama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ƙarfen ne babu a ƙasar ba. Ƙasarmu tana da shi isasshe, shi ne ma yake sa jar ƙasa ta yi ja. Matsalar ita ce saiwa ba ta iya shan sa sai ya narke cikin ruwa, narkewarsa kuwa ta dogara ne ga tsamin ƙasa. Ana auna wannan da ma'aunin pH, wanda 7 ne tsakiyarsa: abin da ya gaza 7 yana da tsami, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Iksora tana son ƙasar da ke tsakanin 5 da 6, kuma da zarar an haura 7 sai ƙarfe ya daskare ya ƙi narkewa, shukar ta zama kamar mai yunwa a gindin rumbun da aka kulle. Ki lura kuma cewa kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, wato tazarar da ke tsakanin 6 da 8 ninki ɗari ce, ba ɗan bambanci ba ne.

Ƙasar gona a yankinmu yawanci tana da ɗan tsami, wanda bai yi wa iksora nisa ba. Amma ƙasar gindin katangar sabon gida ba ƙasar gona ba ce. A nan ne magina suka kwaɓa siminti, a nan filasta ta zuba lokacin da ake shafe, a nan aka binne gutsattsarin bulo da ragowar kankare aka rufe da ɗan yashi. Ɗanyen siminti yana haura 12 a ma'aunin pH, kuma ko bayan ya bushe, duk ruwan da ya bi ta kansa yana wanko sinadarin farar ƙasa ya kai wa saiwa. Wannan ne ya sa shukarki ta yi kyau da farko: tana cin ƙasar da ta zo da ita a cikin leda daga wurin mai sayarwa, sai da saiwarta ta ratsa ta shiga ƙasar gidan sannan rawaya ta bayyana. A aikina na sha ganin jerin iksora guda, waɗanda ke jikin katanga ko bakin daɓen siminti sun yi rawaya, waɗanda suka ɗan nisanta kuwa kore shar, alhali ruwa ɗaya da taki ɗaya ake ba su.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ki iya yi yau. Ki sa a tono ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya kusa da saiwa, a shanya ta ta bushe, a zuba a faranti, sannan a ɗiga mata ruwan khal ko ruwan lemon tsami. Idan ta yi kumfa, to akwai farar ƙasa a cikinta da yawa. Idan ba ta yi ba, sai a nemi takardar gwajin pH a shagon kayan noma ko na kayan ɗakin gwaji, a jiƙa ƙasar da ruwan sama a auna. Ki tambayi mutanen gida kuma ko ana zuba toka a wurin, ko ana watsa ruwan wanki da na wanke-wanke, domin toka da sabulun gari duka suna kashe tsamin ƙasa, kuma abu ne da ake yi da kyakkyawar niyya ana ganin taki ne ko tattalin ruwa. Ruwan da ake ban ruwa da shi ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A inda dutsen farar ƙasa yake da yawa, kamar wajen Kalambaina a Sakkwato, ruwan yakan yi nauyi ƙwarai, wato farar ƙasa ta yi yawa a cikinsa. Idan butar dafa ruwanki tana yin farin ɓawo a ciki, ko bakin tukunyar fulawa yana yin fari, ruwanki yana cikin masu ƙara wa matsalar ƙarfi.

Gyaran iri biyu ne, na gaggawa da na dindindin, kuma kada na farkon ya sa ki manta da na biyun. Na gaggawa shi ne a ba shukar ƙarfe ta hanyar da ƙasa ba za ta ƙwace shi ba. Ana narka giram 2 na gishirin ƙarfe, wato feros salfet, a lita ɗaya ta ruwa, a fesa wa ganye da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan mako biyu. A kiyaye kada ya taɓa fenti ko tayil, domin yana barin tabon tsatsa da ba ya fita. Wanda ya fi wannan aiki shi ne ƙarfen da aka lulluɓe da wani sinadari domin kada ya daskare a ƙasa, kuma a nan sai ki karanta jikin ledar da kyau. Mai rubutun EDTA shi ya fi araha, amma ƙarfinsa yana raguwa da zarar pH ya wuce 6.5, saboda haka zuba shi a gindin katanga asarar kuɗi ce. Mai rubutun EDDHA, wanda garinsa ja ne mai duhu, shi ne yake ci gaba da aiki har a ƙasar da ta kai 9. Ana narka shi bisa adadin da aka rubuta a jikinsa, a zuba a gindin shukar da yamma, a bi shi da ruwa. Kada ki sa ran ganyen da ya riga ya yi fari zai koma kore gaba ɗaya. Sabon tohon da zai biyo baya shi ne zai nuna miki ko maganin ya kama.

Na dindindin ya dogara ga abin da gwajin ya nuna. Idan ƙasar ba ta yi kumfa ba, ana iya saukar da pH ɗinta a hankali da garin farar wuta, wato salfa, kamar giram 30 zuwa 50 a kowace murabba'in mita, a cakuɗa shi da ƙasar sama. Ƙananan halittun cikin ƙasa ne suke juya shi ya zama tsami, kuma suna bukatar danshi da ɗumi da watanni kafin su gama, don haka kada a ƙara wani sai bayan wata uku an sake aunawa. Idan kuwa ta yi kumfa, gaskiyar magana farar wuta ba za ta iya ba, domin siminti da ke binne zai ci gaba da cinye duk tsamin da aka kawo. Abin yi shi ne a tone shukar, a kwashe ƙasar har zurfin santimita 50 da faɗin 60, a tsince baraguzai, a cika ramin da sabon haɗi, kuma in fili ya bari a janye jerin daga katanga kamar mita ɗaya. Haɗin da na fi yarda da shi shi ne kashi biyu na ƙasar gona mai ɗan yashi, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye ko kashin shanu da ya shekara, da kashi ɗaya na tsohon ɓuntun shinkafa domin ruwa ya riƙa wucewa. Ki guji kashin kajin ƙwai, saboda abincinsu yana da farar ƙasa da yawa, kuma tana fitowa a kashin. Wannan aiki kuma ba na yanzu ba ne. A jira sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, a shayar da shukar kwana ɗaya kafin a tone ta, a ɗago ta da ƙasar saiwarta da yamma, a rage kashi ɗaya cikin uku na rassanta, kuma kada a binne ta fiye da zurfin da take a da.

Game da ruwa, bayarwa kullum ba ita ce ma'auni ba. Yayyafi kaɗan-kaɗan yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, ya tara gishiri a inda saiwa take, yawan ruwan da ya kwanta kuma yana shaƙe saiwa, ya haifar da irin wannan rawayar ko da ƙasar tana da tsami. A zurma yatsa cikin ƙasa. Idan gaɓa biyu na sama sun bushe sai a ba ta ruwa mai yawa har ya ratsa ƙasa, sannan a dakata. A bazara wannan yana iya zama kullum, a hunturu bayan kwana biyu ko uku, a tsakiyar damina kuwa sau da yawa ba a bukata. Ruwan sama da aka tara a duro ya fi kowane ruwa dacewa da ita, haka ma wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, domin kusan babu gishiri a cikinsa. Idan babu sai ruwa mai nauyi, babban cokali ɗaya na ruwan khal a bokiti mai lita 10 yana rage masa kaifi.

Ƙonewar bakin ganye da kika gani aikin hunturu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, iskar tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa, ƙura kuma tana lulluɓe shi. A irin wannan lokaci a rufe gindin shukar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye mai kaurin yatsa uku, a bar tazara tsakaninsa da karan saboda gara da ruɓa, a riƙa wanke mata ganye da hantsi sau biyu a mako, sannan in iska tana dukanta kai tsaye a kafa mata zana ta ɓangaren arewa maso gabas. Za ki iya kuma ganin ɗigo-ɗigo ja ko shunayya a tsofaffin ganye idan sanyi ya yi. Binciken da aka yi a Jami'ar Florida ya nuna cewa ƙarancin fotasiyam da fosfaras ne a haɗe, ba cutar naman gwari (fangas) ba, don haka ba a fesa masa magani. Wurin da ya fi mata a yankinmu shi ne inda za ta sha ranar safe ta awa huɗu zuwa shida, ta samu inuwa bayan azahar. Katangar da ranar yamma ke duka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, tana gasa ta, inuwa mai duhu kuma tana hana ta fure.

Ɗaukewar fure kuwa, babban mai laifi almakashi ne. Iksora tana ɗaura furenta ne a kan tsinin sabon reshe, kuma reshen yana bukatar makonni kafin ya kai ga yin toho na fure. Wanda yake daidaita ta duk bayan mako biyu yana yanke furen ne tun kafin ya bayyana. Ban ga laifin mai kula da ita ba, domin yawancin masu gida da miƙewar layi suke auna aikinsa, amma ke ce za ki zaɓa tsakanin shinge mai kusurwa huɗu da shuka mai fure, don ba a samun su duka biyun a iksora. Ni dai a ganina wanda ya sayi wannan shuka saboda furenta ya saye ta. A yi mata aski sau ɗaya a shekara, a farkon damina, bayan haka sai a riƙa cire curin da ya bushe da kuma reshen da ya zarce sauran, ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi mata babban aski daga Oktoba zuwa ƙarshen sanyi, domin tohon da zai fito ɗanye ne, hunturu zai ƙone shi.

Takin zamani da aka zuba sau biyu bai taimaka ba, mai yiwuwa ma ya ƙara dagula lamarin, saboda fosfaras ɗin da ke cikin takin kamfa, wato NPK, idan ya yi yawa, yana ƙara ɗaure ƙarfe a ƙasa, gishirin takin kuma yana ƙona saiwar da ta riga ta raunana. A dakata da shi har sai kore ya dawo. Bayan haka ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ga kowace shuka ya isa, sau uku tsakanin Mayu da Satumba, a barbaɗa nesa da kara a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan ana samun amoniyam salfet, ya fi yuriya dacewa da ita, domin ya fi ƙara wa ƙasa tsami.

Ƙwari kan zo wa shukar da ta raunana, saboda haka ki riƙa juya ganyen kina dubawa. Darɓa, da wasu fararen ƙwari masu kama da auduga, da wasu masu manne wa kara kamar ƙaramin ɓawo, duka suna tsotsar ruwanta suna fitar da wani abu mai danƙo, wanda baƙin naman gwari yake hawa har ganye ya yi baƙi. Yawan zirga-zirgar kiyashi a jikinta alama ce ta cewa suna nan. Ana daka ƙwayar darbejiya giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, mako-mako har sau uku. Idan an tone shukar aka ga saiwarta ta yi ƙulu-ƙulu irin na saiwar tumatir ko kuɓewa da ta kamu, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Irin wannan shuka gara a ƙone ta, a kuma sauya ƙasar ramin.

Idan wasu sun mutu ba sai kin sake saye ba. A cikin damina a yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda ya soma ƙwari amma bai tsufa ba, a cire ganyen ƙasa a bar biyu ko huɗu a sama, a soka shi cikin yashi mai danshi, a kifa masa farar leda, a ajiye a inuwa mai haske. Yakan yi saiwa cikin mako huɗu zuwa takwas, kuma zai yi fure irin na uwarsa, abin da ba a da tabbacinsa idan daga iri aka shuka.

Idan kuma kika ga gindin katangar kankare ne kusan dukkansa, ko ruwanki yana da nauyi ƙwarai, shawarata ita ce ki mayar da iksorar cikin manyan tukwanen ƙasa ko na roba masu huda a gindi, ban da na siminti, inda ke ce za ki haɗa mata ƙasa, kuma za a iya janye ta daga iska da rana. Gajeren irin, wanda ba ya kai mita ɗaya, ya fi dacewa da tukunya, sai dai a riƙa kwarara mata ruwa mai yawa sau ɗaya a wata domin ya wanke gishirin da ya taru. Gindin katangar kuma a ba wa shukar da ta fi jure irin wannan ƙasa, kamar lalle ko boganbiliya. A yanzu dai ki yi gwajin kumfa, ki dakatar da taki da almakashi, ki rufe gindinta, ki ba ta ƙarfe. Idan zafi ya soma dawowa a ƙarshen Fabrairu za ki ga launin sabon toho, kuma shi zai gaya miki ko sai an tone ta a damina.